Kuɗin Mai Na Cinye Albashi: Abin da Masu Ɗaukar Ma'aikata a Kankiya da Kusada Za Su Iya Yi

Tsakanin ƙarfe bakwai da takwas na safe, babbar hanyar Katsina zuwa Kano wadda ta ratsa Kankiya takan cika da masu rige-rige da lokaci. Ga malaman firamare a kan babura, wasu da goyon abokin aiki a baya, littattafan darasi ɗaure da roba a kariya. Ga ma'aikatan asibiti da na sakatariya waɗanda iyalinsu ke Katsina, suna sauka daga motar haya suna karkaɗe ƙura. Ga 'yan acaba a bakin tasha suna jiran masu shiga ƙauyuka. Kafin ɗayansu ya sa hannu a rajistar zuwa aiki, ya riga ya kashe wani yanki na albashinsa a hanya, kuma da yamma zai sake kashe kwatankwacinsa.

A ƙasashen masu arziki, idan ana batun zuwa aiki ta hanyar da ba ta cutar da jiki da muhalli, lallashin mutane ake yi su ajiye motocinsu a gida. A Kankiya da Kusada yawancin ma'aikata ba su da motar da za su ajiye. Babur ne da su, ko kuɗin acaba, ko ƙafa. Amma akwai wata sa'a a nan da bai kamata ta wuce mu ba: hanyar da ta fi araha ga ma'aikaci ita ce kuma ta fi amfani ga lafiyarsa, ita ce ta fi rage hayaƙi. Kuma mabuɗanta da yawa suna hannun wanda ya ɗauke shi aiki, wato ƙaramar hukuma, hukumar ilimi, asibiti, mai makarantar kuɗi, mai gidan burodi ko gidan ruwan leda.

Lissafin da kowane ma'aikaci ya haddace

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. A Yulin 2024 aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

A ɗauki malamin da ke ƙona lita ɗaya kacal a rana, zuwa da dawowa. Idan lita tana naira 1,000, kwanakin aiki 22 sun ci naira 22,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi. Ba a sa baƙin mai ba, ba a sa taya da kaca da ladan bakanike ba. Wanda makarantarsa ke can cikin ƙauye, inda babu gidan mai, a wurin 'yan bumburutu zai saya, da tsadar da ta ɗara ta gari. Shi ya sa idan wata ya yi nisa za ka ji ana cewa albashi ya ƙare a tanki.

Illar ba ta tsaya a aljihun ma'aikaci ba. Wanda ba shi da kuɗin mai makara zai yi, ko ya yi fashi, ko su yi yarjejeniya da abokin aiki: yau kai, gobe ni. Ajin da malaminsa bai zo ba yara ne suka yi asara. Ɗakin shan magani da aka tarar a kulle, mai naƙuda ce ta biya farashin. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum fiye da 150,000 a ƙaramar hukumar Kankiya da kusan 100,000 a Kusada, yau kuwa sun fi haka nesa, kuma mafi yawansu a ƙauyuka suke, daga Rimaye da Tafashiya da Sukuntuni da Kafin Soli zuwa Mawashi da Dudunni da Kofa da Yashe. Duk hidimar gwamnati da za ta isa gare su, a bayan babur take zuwa.

Ga kuma hayaƙi. Kowace lita ta fetur da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar da ke ɗumama duniya. Waccan lita 22 ta malami ɗaya kusan kilo 50 ke nan a wata. Katsina na cikin jihohi 11 da ke sahun gaba wajen fuskantar gurgusowar hamada, don haka sauyin yanayi abu ne da manomi a nan yake gani a gonarsa.

Rage ranakun aiki bai wadatar ba

Da tsadar mai ta kunno kai, wasu jihohi sun zaɓi rage zuwa ofis. Kwara da Edo sun sanar da kwana uku a mako a Yunin 2023. Kaduna ta riga su, domin tun Disambar 2021 ta koma kwana huɗu. A Maiduguri gwamnatin Borno ta bi wata hanyar, ta zuba motocin haya masu rahusa, ciki har da masu amfani da lantarki da gas, waɗanda aka ƙaddamar a Disambar 2023.

Rage ranaku yana taimakon akawu da mai buga takardu. Amma kaso mafi girma na ma'aikatan gwamnati a wuri irin Kankiya malamai ne da ma'aikatan lafiya, su kuwa aikinsu ba ya yiwuwa daga gida. Ba a koyar da 'yan aji ɗaya ta waya, ba a karɓar haihuwa daga nesa. Motocin birni irin na Maiduguri ma ba su da amfani ga wanda zai bi burtali mai yashi zuwa makaranta mai azuzuwa uku. Dole a nemo maganin da ya dace da ƙasar.

Tafiyar da ta fi kowace tsabta

Abu na farko, kuma mafi tasiri, ba ya buƙatar a sayi komai: a gajarta tafiyar. Takardar canjin wurin aiki da sakataren ilimi ko shugaban sashen lafiya ke sa wa hannu ita ce ke yanke yawan man da mutum zai ƙona shekara da shekaru. Sau da yawa za ka tarar da malamai biyu suna giftawa da juna kowace safiya, wannan ya baro kusa da makarantar da wancan zai je, wancan ma haka. Da za a zauna da jerin sunayen ma'aikata, a rubuta inda kowa yake kwana da inda yake aiki, a ba masu matsayi ɗaya da darasi ɗaya damar musayar wuri bisa yarda, da an rage kilomitoci masu yawa ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Akwai haɗari a nan, kuma a faɗe shi a fili. Idan aka bar kowa ya zaɓa, kowa gari zai nema, makarantun ƙauye su zama wayam. Maganinsa shi ne a ɗauki 'ya'yan ƙauyen aiki a ƙauyensu, kuma Katsina ba baƙuwa ba ce a wannan dabara. Tun 2008 jihar na cikin waɗanda suka fara shirin ba 'yan matan karkara tallafin karatun malanta tare da Asusun UNICEF, bisa sharaɗin su koma koyarwa a yankunansu. Daga 2012 kuma shirin Women for Health ya yi makamancin haka wajen shirya matan karkara su shiga makarantun koyon aikin jinya da ungozoma. Kankiya na da gata na musamman a wannan fanni, tunda Makarantar Koyon Aikin Lafiya tana cikin garin. Duk ɗalibar da ta fito daga wata mazaɓa aka mayar da ita ɗakin shan magani na mazaɓar, an samu ma'aikaciyar da za ta taka da ƙafa zuwa aiki, kuma za a same ta ko da tsakar dare.

Inda babu ɗan gari, sai a koma ga gidajen ma'aikata. Magabata sun san wannan: tsofaffin makarantun kwana da asibitoci ba a gina su ba sai da gidajen malamai da na ma'aikata a gefe. Shirin tura ungozomomi karkara da gwamnatin tarayya ta fara a 2009 ya ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar musu masauki, saboda an fahimci cewa ba wadda za ta zauna inda ba ta da makwanci. Ɗaki biyu da makewayi da fitilar sola a harabar ɗakin shan magani sun fi kowane alawus na sufuri daɗewa ana cin moriyarsu. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara wa jama'a hujjar tambayar shugabanninsu irin waɗannan ƙananan ayyuka.

A dawo wa keke da mutuncinsa

Dattawa suna tuna zamanin da malamin makaranta, malamin asibiti, malamin gona da duba-gari duk a keke suke yawo. A wancan zamani bashin keke na cikin haƙƙoƙin ƙaramin ma'aikaci: a ba shi kuɗin, a riƙa cira a albashi kaɗan-kaɗan. A lokacin kamfanin Raleigh yana haɗa kekuna a Kano, kuma mai Rali sabo fil mutum ne da ake kallo idan ya wuce. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya ɗora ma'aikata da yawa a kan babur. Daga baya baburan Sin da Indiya masu araha suka cika kasuwa, keke ya koma na yara da masu zuwa gona. Da gwamnatin tarayya ta fara mayar da alawus-alawus kuɗi tsaba cikin albashi a 2003, tunanin cewa mai ɗaukar aiki yana da ruwa da yadda ma'aikaci ke zuwa aiki ya ƙara dusashewa.

Alhali ƙasar Kankiya da Kusada shimfiɗaɗɗiya ce, babu manyan tuddai. Tazarar kilomita biyar, wadda za ta ci wa mai tafiya a ƙasa awa guda, mai keke zai gama ta cikin minti ashirin zuwa ashirin da biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Mai tuƙa keke minti ashirin da safe, ashirin da yamma, kwana biyar, ya samu minti 200 ba tare da ya ware wani lokaci na daban ba. Hawan jini da ciwon suga sun yi yawa a tsakanin ma'aikata masu matsakaitan shekaru, waɗanda suke wuni a kujera su koma gida a sirdin babur, kuma rashin motsa jiki na cikin abubuwan da ke jawo su. Mai ɗaukar aiki da ya taimaka wa ma'aikacinsa ya hau keke ya rage wa kansa takardun neman hutun rashin lafiya.

Gyaran keke ma ba ya gagara. A je gindin bedi inda mai faci yake shimfiɗa kayansa: tsohon bahon ruwa, famfo, gwangwanin gam, guntayen roba da sifana biyu ko uku. Zai zare robar ciki, ya hura mata iska, ya tsoma a ruwa yana juyawa har kumfa ta tona inda ƙaya ta huda, ya kankare wurin, ya shafa gam, ya manna, ya danne da babban yatsa. Kafin ka gama gaisawa da na kusa an mayar da taya. Kuɗin da ka biya bai kai na rabin lita ba, kuma a garin zai tsaya.

Me ya rage ga mai ɗaukar aiki? Na farko, a farfaɗo da bashin keke. Ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata da reshen ƙungiyar malamai ta NUT da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE sun saba sayo shinkafa da taki da babura a raba bashi, ana cira daga albashi. Sayo kekuna masu ƙwari a sari, da kariya da fitila da makulli, bai fi wannan wuya ba. Makamancin wannan tsarin ne Birtaniya ta mayar doka a 1999, inda kamfani ke saya wa ma'aikaci keke a riƙa cira daga albashinsa kafin a yanke haraji. A Beljiyam kuwa, tun Mayun 2023, kamfanoni masu zaman kansu suna biyan mai zuwa aiki a keke alawus gwargwadon nisan da ya tuƙa. Mai makarantar kuɗi a Kankiya zai iya yin nasa daidai ƙarfinsa, ko da ɗaukar nauyin faci da gyara ne.

Na biyu, wurin ajiya: rumfa mai inuwa kusa da maigadi, da ƙarfen da za a ɗaure keke. Rana tana lalata taya, tsoron sata kuma yana hana mutane fitowa da abin hawansu. Na uku, ruwa da ɗan kewaye inda wanda ya iso da gumi zai wanke jiki ya canza riga. Kusan kowace ma'aikata tana da wurin alwala, ƙari kaɗan ake buƙata.

Na huɗu shi ne mafi wuya. Abin da ke hana ma'aikaci hawa keke ba gajiya ba ce kawai, tsoron bakin mutane ne, kada a ce wane ya tsiyace. Wannan ba a gyara shi da takardar umarni. Ranar da shugaban makaranta ko shugaban sashe ya jingine kekensa a rumfa ɗaya da na masinja, ranar ƙananan ma'aikata za su daina jin kunya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018, kuma rana ce mai kyau da shugabanni za su fara nuna misali, in dai ba za a tsaya ga ɗaukar hoto ba.

Mata da masu dogon zango

Keke ba na kowa ba ne. A al'adarmu matar aure ba ta cika hawa keke a titi ba, kuma ba daidai ba ne a tsara abin da zai bar malamai mata da ma'aikatan jinya a baya, alhali su ne suka fi biyan kuɗin acaba. Akwai kuma masu larura, da tsofaffi, da wanda tazararsa ta wuce kilomita goma.

Ga waɗannan, haɗa tafiya ita ce mafita. Mata uku da ke unguwa ɗaya suna iya ɗaukar shatar Keke Napep na wata-wata, ya kwashe su da safe ya maido su idan an tashi. Da yawa suna yin hakan da kansu. Abin da shugaban ma'aikata zai ƙara shi ne ya haɗa masu hanya ɗaya a jadawalin aiki ɗaya, ya tsaya wa direban a matsayin shaida don a samu rangwame, in da hali ya biya wani kaso. Haka ma masu zuwa daga Katsina, tafiyar kusan kilomita 60: mota ɗaya mai mutum huɗu da karo-karon kuɗin mai ta fi motoci huɗu. Idan ma'aikatun da ke Kankiya suka haɗa baki suka ƙidaya mutanensu, za su iya zama da hukumar sufuri ta jiha, KTSTA, ko da ƙungiyar direbobi ta NURTW, a tsayar da mota mai tashi a ƙayyadadden lokaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma direba ya fi sassautawa idan ya san kujerunsa a cike suke kullum.

Baburan lantarki sun fara shigowa biranen Arewa, kuma a Maiduguri Mustapha Gajibo ya nuna cewa ana iya mayar da ƙananan motocin haya masu aiki da batir a cikin gida. Farashin baburan har yanzu ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Sai dai duk asibiti ko makarantar da ake shirin sa wa sola, yana da kyau tun yanzu a yi lissafin wurin cajin babur a ciki.

Rana, titi da tsaro

Ba za a ce wa mutum ya taka ko ya tuƙa keke ba tare da an dubi abin da zai tarar a hanya ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. A irin wannan lokaci, da kuma watan azumi, a matso da lokacin fara aiki zuwa sanyin safiya inda aikin ya ba da dama, a kuma yi wa mai keke uzurin 'yan mintuna ranar ruwan sama ko ƙurar hunturu. Kowace ma'aikata ta dasa bedi a hanyar shigarta, ta ba ɗalibai ko ma'aikata amanar ban ruwa. Inuwar da aka shuka bana, cikin shekaru kaɗan za a fara shan ta.

Titi kuwa shi ne babban abin tsoro. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har ya riƙa hawa da kansa zuwa aiki a Abuja, sai mota ta ture shi ya faɗa kwata. Darasin a fili yake: kira ba ya wadatarwa idan titi bai ba mai keke wuri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Hanyar Katsina zuwa Kano ta manyan motoci ce, kuma an daɗe ana aikin mayar da ita tagwaye. Hanya mai faɗi gudu take ƙarawa. Shugabannin ƙananan hukumomi, hakimai da shugabannin makarantu su nemi a sa wuraren tsallakawa, da abin rage gudu, da kafaɗar titi mai faɗi a Kankiya da Yashe da sauran garuruwan da ta ratsa. Su kuma raba wa ma'aikata riga mai ƙyalli da fitila. Wanda dole sai ya hau babur, a sa hular kwano cikin bashin da za a ba shi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida.

Sai tsaro. Jihar Katsina ta sha fama da 'yan bindiga, kuma wasu ƙauyukan wannan yanki ba su tsira ba. Dokar da gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa a ƙarshen Agustan 2021 ta hana goyon mutum uku a babur, ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, abin da ya nuna yadda batun abin hawa ya cuɗanya da na tsaro. Babu shugaban kirki da zai tura ma'aikaci shi kaɗai a keke ta hanyar da ake tare mutane. A irin waɗannan wurare tafiya a rukuni, da rana tsaka, da ɗaukar 'yan gari aiki, su ne abin yi. Ran ma'aikaci yana gaba da kowane lissafin mai.

Daga ina za a fara?

Daga takarda ɗaya. Kowane shugaban ma'aikata ya tambayi mutanensa abu uku: ina kake kwana, da me kake zuwa, nawa kake kashewa a mako? Amsoshin za su raba ma'aikata gida uku. Na kusa, a ba su inuwa da hanya mai aminci su taka. Na tsakiya, a ba su bashin keke da rumfa. Na nesa, a haɗa su mota ɗaya, ko a musanya musu wurin aiki, ko a ba su ɗaki. Bayan zango ɗaya na karatu a sake duba rajistar zuwa aiki, a ga ko makara da fashi sun ragu.

Farashin fetur ba a Kankiya ake yanke shi ba, kuma shugaban makaranta a Kusada ba shi da iko a kan kasuwar mai ta duniya. Amma takardar canjin wurin aiki, jadawalin mako, bashin ƙungiya da rumfar ajiye keke duk a nan ake yanke su, kuma ana iya yanke su kafin albashin wata mai zuwa ya shigo. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu, sakatarorin ilimi, shugabannin asibitoci da ƙungiyoyin ƙwadago su sa wannan batu a ajandar zamansu na gaba, su fara da makaranta ɗaya da asibiti ɗaya a kowace mazaɓa.